Ɗan Goggo Zai Auro 'Yar Koriya

Bawana ɗan Goggo, gaisuwa daga zaune, don ba a taɓa jin uwargijiya ta miƙe wa bawanta ba. Allah ya sani na so in rufa maka asiri. To amma maganar da ka yi ranar suna a gidan Baffa, a gaban mutum fiye da ashirin ka yi ta, bakinka cike da waina, kuma wanda ya yi rawa a kasuwa ba a bin sa ɗaka a yi masa guɗa. Shi ya sa na kawo ka nan inda kowa zai gani.

Magana biyu ka yi a zama ɗaya, ko shayin gabanka bai huce a tsakaninsu ba. Ta farko, ka bugi ƙirji ka ce ka ƙwace wayar 'yarka Ummi, don ka gaji da ganin ta tana kallon samarin Koriya masu shafa hoda da jan baki, masu rawa kamar an jona su da wutar lantarki. Jama'a suka ce madalla da uba. Ta biyu, ka gyara zama ka ce kai fa idan Allah ya hore maka, 'yar Koriya za ka ƙaro, domin su ne matan da suka san ladabi: su rusuna, su miƙa kofi da hannu biyu, ba sa ɗaga murya, ba sa tambayar miji ina ya tsaya har goma ta wuce. Uwargidanka tana durƙushe a gefe tana zuba wa baƙi miya, ko kallonka ba ta yi ba. Ni na kalle ka, na kuma karɓi wakilcinta ba tare da ta roƙe ni ba.

Mu fara da inda ka samo wannan ilimi mai zurfi. Duk dangi sun san makarantarka ɗaya ce, sunanta Jumong. Tashar MBC ta nuna shi daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, ya iso mana a faifan nan na bakin titi masu fassarar da ko wanda ya rubuta ta ba zai gane ta ba. Kai ne ka ƙarar da man janaretan Goggo a kansa. Kai ne ka tanƙwara reshen darbejiya ka yi baka, ka ɗana kibiyar karan dawa, ka auna mangwaro ka samu zakaran maƙwabta, magana ta kai har gaban mai unguwa. Ban manta ba, kuma muddin ina numfashi ba za ka manta ba.

Tunda shi ne littafinka, bari in biya maka shi, don da alama faɗan takobi kawai ka kalla. Wace ce Soseono? 'Yar attajiri ce, ita ke jan ayarin fatake, ita ke zama ciniki da manya, kuma da dukiyar gidansu da mutanenta aka gina daular Goguryeo wadda gwanin naka ya hau karagarta. Kwatsam sai ga uwargidansa da aka ɗauka ta mutu ta bayyana, ga ɗanta Yuri, aka ce shi ne magaji. Me Soseono ta yi? Ba ta je wurin boka ba, ba ta zauna lissafin ranar girki ba. Ta tattara 'ya'yanta biyu, Biryu da Onjo, da duk wanda ya yarda ya bi ta, ta nausa kudu, can aka kafa wata daular mai suna Baekje. Ka taɓa jin yajin da ya haifi ƙasa guda? To shi ke nan. Matar da ka fi yabo a duk fim ɗin, da ta ga zama da kishiya ya tabbata, jama'a guda ta kwashe ta yi gaba. Kai da ba ka ajiye komai ba sai babur da bashin mai shago, idan aka yi maka irin wannan kwasar me za a bar maka?

Ita ma Jang Geum ta fim ɗin 2003, wadda kake cewa iya girkinta ne ya burge ka, ai ba a madafa ta ƙare ba. An kore ta daga fada, ta koyi aikin magani a tsibirin da aka jefa ta, ta dawo ta zama likitar sarki, manyan fadawa na ta kumfar baki. Mace ce ta rubuta labarin, Kim Young-hyun. Riƙe wannan a aljihu, zan tambaye ka shi an jima.

Yanzu ga labari mara daɗi. Dokar Koriya ta Kudu ta hana mai aure ƙara aure, saboda haka kalmar nan taka ta ƙarowa ko masauki ba ta da shi a can. Za ka ce ai ɗauko ta za ka yi ka kawo ta nan. To sai ka fara samo wadda ke son auren tukuna. A 2023 lissafin haihuwa a ƙasar ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Wato idan ka tara mata ɗari, 'ya'yan da ake sa ran za su haifa duk tsawon rayuwarsu 72 ne. Yaran da ke taruwa a zauren gidanmu ranar Sallah neman barka sun kusa haka. A 2024 ya ɗan motsa zuwa 0.75, hukumomi suka yi ta murna kamar an ga wata. Gwamnati ta zuba kuɗi, ta yi lallashi, wasu birane har taron haɗa samari da 'yan mata suke shiryawa. Da yawa daga cikin matan suka ce a kai kasuwa.

Har akwai waɗanda ake kira 'yan 4B. Bi ɗin nan a harshensu alamar korewa ce, su kuma abu huɗu suka kore: aure, haihuwa, soyayya, da kusantar namiji. Gaskiya ba su da yawa, sunansu ya fi su girma, kuma kada ka je ka kai ni ƙara wurin Goggo cewa tallarsu nake yi. Ina da miji, ina da 'ya'ya huɗu, ban shirya mayar da ko ɗaya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, Koriya ce ta daɗe tana kan gaba wajen tazarar albashi tsakanin namiji da mace, kusan kashi 30 cikin 100. Mace ta yi karatu kamar za ta mutu, ta samu aiki, ranar da ta haihu sai a fara yi mata kallon wadda ta zo sallama. Idan bukukuwansu biyu manya suka zo, Chuseok da Seollal, matar ɗa ce ke yini a tsugune gidan surukai tana suya, maza na zaune suna jiran faranti, har ciwon da ke kama mata a wannan lokaci suna da suna na musamman da suke kiran sa da shi. Ba sai na ce maka ya yi kama da wata Sallah da ka sani ba. Kuma har zuwa 2008 akwai tsarin rajistar iyali mai suna hoju, wanda a ƙarƙashinsa yaro na goye zai iya zama maigida a takarda, a saman uwarsa da kakarsa, don kawai shi namiji ne. Mata ne suka yi ta faɗa shekara da shekaru har aka soke shi. Rusunawar da ka gani gaskiya ce, ana yin ta. Ciwon bayan ne kyamara ba ta nuna maka ba.

Ka kuma yi wa matan gidanmu dariya ranar, wai tun Boys Over Flowers na 2009 Lee Min-ho ya zautar da su, kowace sai kiran oppa take. Oppa ɗin nan fa ba wani abu ba ne, yaya ne. Haka mace ke kiran wanta a can, sai kalmar ta zarce ta zama ta saurayi. Mu ma ai mun san hanyar, rabin littattafan soyayyarmu Yaya wane ne jarumin. Kai ma da tsofaffi sun yi nasara lokacin da suka so haɗa mu, da yanzu Yaya nake ce maka. Allah ya tsari gatari da noma.

To fito da abin da na ce ka riƙe a aljihu. Mafi yawan masu rubuta waɗannan finafinai na talabijin mata ne. Park Ji-eun ce ta rubuta Crash Landing on You, inda Hyun Bin, hafsan soja guda, ke murza taliya da hannunsa yana gasa gahawa don baƙuwar da ta faɗo masa daga sama. Kim Eun-sook ce ta rubuta Descendants of the Sun da Goblin, daga baya ta ajiye soyayyar ta rubuta The Glory, labarin matar da ta shafe shekaru tana ƙulla ramuwa. Namijin nan mai riƙe lema, mai ɗaure wa mace igiyar takalmi, mai sauraro har a gama magana, ba a titin Seoul aka tsinto shi ba. Mata ne suka zauna suka rubuta abin da suka rasa, aka sa masa kwat aka haska. Takardar koke ce, ɗan Goggo. Shi ma jarumin finafinan da, mai fizgar hannun yarinya yana jan ta kamar akuyar da za a kai kasuwa, matan can sun daɗe suna tambayar soyayya ce wannan ko fin ƙarfi, har ya fara ja da baya. Idan ka ga uwargidanka ta zuba wa talabijin ido tana murmushi, ba fuskar yaron take kallo ba, tukunyar da ya ɗora take kallo. Kai rabonka da kunna risho tun kana gwauro.

Nan kuma ajiye dariyar, akwai abin da ba na wasa ba. Ranar 17 ga Mayu 2016, cikin dare, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gangnam, unguwar nan da Psy ya yi wa waƙa a 2012 har ka yi rawar dokinta a bikin ƙanwarka, wani mutum ya laɓe a banɗakin da maza da mata ke shiga. Maza shida suka shiga suka fita bai taɓa su ba. Mace ta farko da ta shigo, 'yar shekara 23, ya daɓa mata wuƙa ta mutu. Bai san ta ba. Cewa ya yi mata sun daɗe suna raina shi. 'Yan sanda suka ce taɓin hankali ne, mata suka ce to taɓin hankalin da ya iya zaɓe ke nan. Suka lulluɓe ƙofa ta 10 ta tashar da ƙananan takardu na ta'aziyya da fushi. Yawancin 'yan matan da suka tashi tsaye bayan nan, daga wannan ƙofar suke fara ƙirga tarihinsu.

A shekarar ce kuma Cho Nam-joo ta fitar da littafinta a kan wata mata mai suna Kim Jiyoung, haihuwar 1982. Ba sarauniya ba ce, ba mayaƙiya ba ce, mace ce kamar kowa, tun daga yadda ake fara zuba wa ƙanenta namiji abinci har zuwa ranar da reno ya raba ta da aikinta. Aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. A Maris 2018 wata mawaƙiya, Irene ta ƙungiyar Red Velvet, aka tambaye ta a taron masoya me take karantawa, ta ambaci littafin. Ba ta ce ta yarda da shi ba, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Wasu masoyanta maza suka ɗauko hotunanta da suka saya da kuɗinsu, suka yayyanka, suka cinna wuta, suka ɗora a intanet don duniya ta ga jarumta. Sai na tuna da kai, ranar da ka tarar da uwargidanka riƙe da littafin Balaraba Ramat, Wa Zai Auri Jahila?, ka tsaya a bakin ƙofa kana tambayar ta ko da kai ake.

Daga nan abin ya yi ta zuwa kamar ruwan Agusta. A 2018 dubun-dubatar mata sanye da jajayen kaya suka riƙa cika unguwar Hyehwa a Seoul saboda ɓoyayyun kyamarori da ake dasawa a banɗaki da ɗakin canza kaya, har sai da hukumar birnin ta ƙara yawan ma'aikata masu bin banɗakunan jama'a suna duba ramuka. Wasu suka farfasa kayan kwalliyarsu suka aske gashi. Wata mai karanta labarai a MBC, Lim Hyun-ju, ta fito da tabarau a fuskarta, wannan kaɗai ya zama labari a ƙasa baki ɗaya, don ba a saba ganin mace ta yi haka ba, alhali maza kullum da nasu. Sai ga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Yarinya 'yar shekara 20, An San, ta ɗauki baka, irin bakan gaske, ta ciyo zinare uku. 'Yan'uwanka na can ba su ga zinaren ba, gajeren gashinta suka gani, suka ce alamar masu rajin haƙƙin mata ce, wasu har da cewa ta ba da haƙuri. Ga jikar Jumong ta bayyana a zahiri, tana saka kibiya a tsakiyar allo daga nisan mita 70, ba zakaran maƙwabta ba, amma aski ya hana a yi mata guɗa. A shekarar ce kuma kamfanin shagunan GS25 ya janye wata talla ya ba da haƙuri, saboda an zana hannu da yatsa biyu sun kusa haɗuwa, maza suka ce habaici ake yi musu a kan ƙanƙantar abin da ba zan faɗa a jarida ba. Wanda ya tsargu dai shi ya san dalili.

Don kada ka ce na yi son kai, su ma samarin can suna da nasu kukan. Tilas ne namiji ya yi aikin soja, wata 18 idan sojan ƙasa ne, a daidai lokacin da sa'o'insa mata ke gama karatu suna kama aiki, ga tsadar gida, ga gasar neman aiki mai karya zuciya. Kuka ne na gaske, sai dai sun rasa wanda za su kai wa sai 'yan'uwansu mata, kamar mata ne suka rubuta dokar. Af, tunda an zo nan: samarin BTS da kake kira masu jan baki, duk bakwai sun yi wa ƙasarsu wannan hidima, tun daga Jin da ya shiga a Disamba 2022, kuma biyu daga cikinsu har kurata suka horar. Kai kuwa sansanin mako uku na bautar ƙasa, a fareti na biyu aka ɗauke ka ranga-ranga ana yi maka fifita da hula.

Sai dai inda ka fi yin kuskure shi ne a kan 'yan matan da ke bin mawaƙan nan, irin su Ummi. Kana ganin taron marasa aikin yi ne masu ihu. Ni ma da haka nake gani, sai da na zauna na bi labarinsu. Suna da ma'aji, suna da masu fassara zuwa harsuna, suna da masu raba aiki dare da rana. Al'adarsu ce idan gwaninsu zai yi wasa, maimakon furanni su tara buhunan shinkafa da sunansa a raba wa mabuƙata. A Yuni 2020 BTS da kamfaninsu suka ba da dala miliyan ɗaya ga masu fafutukar baƙar fata a Amurka, masoyansu da ake kira ARMY suka tara wata miliyan ɗin cikin kamar yini guda. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanku shekara nawa kuna tara kuɗin rufin aji ɗaya?

Kuma ba su bar gwanayen nasu sun sha ba. A 2016 masoya mata ne suka titsiye BTS a kan wasu baitocinsu masu ƙasƙantar da mata, suka ƙi yin shiru har kamfanin ya fito ya amsa laifi. Da badaƙalar gidan rawa na Burning Sun ta fashe a 2019, aka ga cewa wasu daga cikin masu murmushin nan na allo suna da zauren hira a waya inda suke musayar bidiyon matan da suka ɗauka a ɓoye. 'Yar jarida Kang Kyung-yoon ce ta bankaɗo saƙonnin. Jung Joon-young ya ƙare da ɗaurin shekara biyar bisa fyaɗe da ɗaukar bidiyo, Seungri na Big Bang ya samu wata 18 a kan nasa laifuffukan. Wata yarinya, Oh Se-yeon, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a son Jung har ta taɓa fitowa talabijin saboda shi, ba ta tsaya kuka kawai ba. Ta ɗauki kyamara ta bi 'yan'uwanta masoya da gwanayensu suka zama masu laifi, tana tambayar su me za a yi da hotunan da aka tara da shekarun da aka ɓatar. Fim ɗin ya fito a bikin finafinai na Busan a 2021. Ka nuna mini ɗan siyasa ɗaya da ka taɓa bi, ya ci amana, ka fito ka ce ka yi kuskure. Kai har yau fostar wancan na manne a ƙofar shagonka.

Ba waliyyai ba ne fa, kada ka ji na yi ta yabo. A cikinsu akwai masu bin mawaƙi har ƙofar gida suna leƙen taga. A 2024 Karina ta ƙungiyar aespa, budurwa 'yar shekara 23, sai da ta rubuta wasiƙar ban haƙuri da hannunta saboda an gano tana da saurayi, bayan wasu masoya sun aika mota mai allon rubutu ƙofar kamfaninsu suna tuhumar ta da cin amana. Wannan ba so ba ne, mallaka ce, kuma mallaka ko a hannun mace take sunanta mallaka. Masana'antar ita kanta tana ɗaukar yara tun suna ƙanana, tana auna nauyinsu kamar kaji. Mawaƙiya Sulli ta mutu a Oktoba 2019 tana da shekara 25, bayan shekaru ana yi mata ruwan zagi a intanet saboda ta ƙi zama yadda ake so. Bayan mako shida ƙawarta Goo Hara ta bi ta, ita kuma bayan ta sha shari'a da tsohon saurayin da ya yi mata barazana da bidiyo. Sai bayan an rasa rai manyan shafukan labarai na ƙasar suka rufe wurin sharhi a ƙarƙashin labaran mawaƙa da 'yan fim. Idan da wannan ka faɗa wa Ummi, da na ce ka yi magana irin ta uba. Kai kuwa jan baki ne ya dame ka.

Bari in kai ka inda na fi so. A 2022 Yoon Suk-yeol ya nemi shugabanci da alkawarin rushe ma'aikatar daidaiton jinsi, samari da yawa suka yi masa ruwan ƙuri'a, ya ci da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Daren 3 ga Disamba 2024 ya ayyana dokar soja, ya tura sojoji majalisa. A ƙofar majalisar aka ga wata mata, Ahn Gwi-ryeong, ta cafki bindigar soja tana yi masa tsawa. Wannan ce mai miƙa kofi da hannu biyu, ɗan Goggo, gaishe ta. Kwanakin da suka biyo baya, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, tituna suka cika, kuma waɗanda suka fi yawa a taron 'yan mata ne masu shekara ashirin da talatin da 'yan kai. Me ke hannunsu? Sandunan fitilar nan da suke kaɗawa a wurin wasan mawaƙa, kowace ƙungiya da kalarta da siffarta. Masoyan da jiya ba sa ga maciji da juna a intanet suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. A wata zanga-zangar da aka yi da kyandir a 2016 wani ɗan majalisa ya taɓa yin gatse cewa kyandir iska na kaɗawa yake mutuwa. To ga fitila mai batir. Suka rera Into the New World ta Girls' Generation, waƙar 2007 wadda ɗaliban jami'ar mata ta Ewha suka taɓa rerawa a gaban 'yan sanda a 2016. Mawaƙiya IU ta biya kuɗin burodi da miya a shagunan kusa don masu zanga-zanga su ci. Kwanan layi cikin sanyi, tanadin batir, amsa amshi da murya ɗaya, kwashe shara bayan an tashi, duk a wurin bin mawaƙa suka koya. Ranar 14 ga Disamba majalisa ta tsige shi da ƙuri'a 204, ranar 4 ga Afrilu 2025 kotun tsarin mulki ta tabbatar.

Waɗannan su ne surukan da kake nema. Matan da suka taya aka sauke shugaban ƙasa da fitilar rawa, kai a kwana nawa kake ganin za su sauke ka? Ni na ba ka mako guda, shi ma don albarkacin Goggo. Kallon kitse kake yi wa rogo, kuma rogon ma irin mai ɗacin nan ne da sai an jiƙa.

Ita kuwa Ummi, na zauna da ita bayan kun tashi. Yarinyar nan ta koya wa kanta baƙaƙen Koriya a waya, ta rubuta mini sunana da su a bayan katin suna. Ta san labarin Karina, ta ce abin da aka yi mata zalunci ne. Ta san na Sulli. Ita da ƙawayenta sun yi karo-karo ranar haihuwar wani gwaninsu sun kai sabulu da omo gidan marayu, kai kana majalisa kana gardamar ƙwallo ba ka sani ba. Ban ce a sakar mata waya har asuba ba, kuma akwai shigar da ni ma idan na gani nake cewa ta sauya tasha. Amma ka zauna kusa da ita ka tambaye ta me take gani. Za ta ba ka labarin da ya fi kashi 81 ɗinka.

Watan cika-ciki ya kusa, na san za ka zo da ƙoƙon bararka karɓar kuɗin shara kamar kowace shekara, ba tare da ka taɓa tsintsiya ba. Bana da sharaɗi. Ka mayar wa Ummi wayarta, ka dafa wa uwargidanka ko da taliyar leda ce da hannunka, ta aiko mini da shaida. Sannan ka zo, tsintsiya na jingine a bayan ƙofa, tsakar gidana kuma babba ce.